Inuwa Ta Bakwai: Kundin Aikin Littafin Zane Mai Ban Tsoro

12 ga Janairu 2025

Labarin ya zauna, don haka daga yau zan riƙa rubuta yadda aikin yake tafiya. Littafin zane ne mai shafi 48, baƙi da fari, ni ke rubutawa kuma ni ke zanawa. Ga ƙashin bayansa: wani dattijo ya faɗo daga matakalar bene a tsohon gidansa ya mutu, likita ya ce tsautsayi ne, aka rufe magana. Bayan shekara guda magadansa da ma'aikatan gidan, su biyar, suka taru domin a lissafa abin da ya bari, aka ɗauko wata mata mai aikin ƙididdigar kaya ta zama ta shida. A daren farko wuta ta ɗauke, aka kunna fitila ƙwaya ɗaya. Matar ta ɗaga kai ta dubi bango. Mutum shida ne a ɗakin, amma inuwa bakwai ce a bango.

An ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni so nake in shigo da tsoron cikin gida, in zaunar da shi kusa da kunyar, domin kowane ɗaya daga cikin mutum biyar ɗin nan yana da abin da ba ya son a sani game da wancan dare.

Abin da ya ja ni ga irin wannan labari shi ne yadda yake raba zuciyar mai karatu gida biyu. Ban tsoro yana ce maka kau da kai. Binciken wanda ya yi kisa yana ce maka matso kusa, dubi da kyau, amsar tana cikin hoton nan. A fim hotuna 24 ne ke wucewa cikin kowace daƙiƙa, ko ka duba ko ka rufe ido abin zai wuce. A takarda kuwa babu abin da zai wuce sai ka wuce da shi. Idan bakin zaren yana jikin abin da kake tsoro, dole ka tsaya ka ƙura masa ido da kanka. Wannan tsayuwar nake nema.

26 ga Janairu

Makon nan ban zana komai ba, ina ta fama da doka.

A shekarar 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma yana rubuta labaran bincike, ya fitar da dokoki goma na irin wannan rubutu. Ta biyu a cikinsu ta haramta shigar da duk wani abu na gaibu. Na fahimci dalilinsa sarai. Labarin bincike alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu: na ba ka duk alamomin da mai binciken ya gani, idan ka yi tunani za ka iya riga shi gano amsa. Da zarar an ce fatalwa na iya ratsa bango ta yi kisa ta ɓace, alkawarin ya karye, tunanin mai karatu ya tashi a banza.

Amma ban yarda cewa maganin shi ne a kori gaibun ba. Maganin shi ne a ɗaure shi da doka, a kuma nuna dokar a fili. Ga waɗanda na gindaya wa inuwata. Ba ta taɓa komai, ba ta motsa ko da tsinke. Ba ta bayyana sai inda haske yake fitowa daga wuri ɗaya tak. Kuma a kullum tana tsaye a ƙafafun wanda ya yi ƙarya ta baya-bayan nan game da daren mutuwar. Hannun ɗan Adam ne ya yi kisan, da dalili irin na ɗan Adam. Inuwar shaida ce kawai, shaidar da ba ta magana.

Wanda ba ya son a ɓata masa labari ya tsallake wannan sakin layi. Huɗu daga cikin biyar ɗin suna ƙarya, kowa da abin da yake rufewa: wannan ya ɗauki abin da ba nasa ba, wancan ya bar bakin aikinsa a daren, wata tana kare wani. Inuwar sai ta yi ta yawo tsakaninsu. Mutum ɗaya ne ba ta taɓa zuwa wurinsa ba tun daga farko har ƙarshe, domin bai taɓa furta ƙarya ba, kuma shi ne ya yi kisan. Wannan ya ɗora mini nauyi mai daɗi: duk kalmar da zan sa a bakinsa dole ta zama gaskiya tsantsa, ta kuma ɓatar da mai sauraro.

9 ga Fabrairu

Na gama ƙananan zayyanar shafuka duka, kowanne bai fi tafin hannu ba. A wannan mataki ba kyau ake nema ba, ana neman sanin me zai faɗa a wane shafi.

Ga abin da mai kallo daga waje ba ya lura da shi. A littafin da ake karantawa daga hagu zuwa dama, shafi na 1 yana hannun dama, saboda haka duk shafi mai lambar mara yana dama, mai lambar cika yana hagu. Idan mutum ya buɗe littafi, idonsa yana ɗaukar shafuka biyu a lokaci guda tun kafin ya fara karanta akwatin farko, wato na farko cikin ƙananan hotunan da aka raba shafi zuwa cikinsu. Ko bai yi niyya ba, gefen idonsa ya riga ya leƙa ƙasan shafin dama. Don haka duk abin firgitarwar da ka ajiye a shafin dama ka zubar da shi. Wuri ɗaya ne kawai mai zane yake iya ɓoye abu da gaske: bayan takardar da ba a juya ba tukuna.

Shi ya sa na yi ta tura labarin gaba da baya har sai da manyan bayyanannun abubuwa suka faɗa a hagu. Akwatin ƙarshe na shafi na 7 idanun matar ne kawai, sun ɗago sama, babu magana. Sai ka juya, shafi na 8 da na 9 su buɗe a matsayin hoto guda: bango, fitila, mutane shida sun juya baya, inuwoyi bakwai. Ban rubuta "bakwai" a ko'ina ba. Mai karatu ne zai ƙirga.

Masu zanen Japan, da suke karantawa daga dama zuwa hagu, suna yin wannan lissafin a juye. Junji Ito ya shahara da shi ƙwarai, har masu karatunsa suna jin nauyin juya shafi. Abin da ya fi burge ni a wannan dabara shi ne ba mai zane ne ke razana ka ba kai tsaye. Ya dai gaya maka akwai abu a bayan takardar nan, ya bar ka da yatsanka a gefenta. Kana iya jira, kana iya rufe littafin ka tashi. Idan ka juya, kai ka buɗe ƙofar. Babu wani nau'in ba da labari da na sani da yake ɗora wa mai karɓa wannan alhaki haka.

Tura labarin ya ci mini wata hira mai kyau tsakanin mai gadi da mai dafa abinci, domin ta ƙara shafi guda wanda ya kautar da duk abin da ke bayanta zuwa ɓangaren da bai dace ba. Na cire ta. Muhimmiyar jimla ɗaya da ke ciki na mayar da ita shafi na 22.

16 ga Fabrairu

Siffofin mutane shida sun kammala. Sharaɗin da na bi: a iya gane kowa daga inuwarsa kaɗai. Dogo mai ranƙwafaffen wuya, gajeriya mai faɗin kafaɗa, mai hula, mai ɗingishi, mai tabarau da ke ratayawa a ƙirji, sai ita mai ƙididdiga da littafinta a hammata. Na cika kowannensu da baƙi na jera su, duk ana bambance su. Idan ba haka ba, mai karatu ba zai san wace inuwa ce ba ta da mai ita ba.

2 ga Maris

Zanen fensir ya kai shafi na 30, inda ake komawa baya a ga daren mutuwar. Na daɗe ina tunanin yadda zan nuna faɗowar dattijon. A ƙarshe akwati uku na yi. Na farko, ƙafarsa a matakala ta sama da sandarsa. Na biyu, hannu a kan ƙarfen riƙo, hannun da ba nasa ba. Na uku, sandar ita kaɗai a ƙasa. Faɗuwar tana cikin farin layin da ya raba na biyu da na uku, inda ban zana komai ba. Kowane mai karatu zai cike wannan gurbi da kansa, kuma abin da zai cike da shi ya fi dacewa da tsoronsa fiye da duk abin da hannuna zai iya.

Wannan ya sa na koma karanta tarihin rikicin da aka yi a Amurka kan irin waɗannan littattafai. A farkon shekarun 1950 littattafan zane masu ban tsoro sun yi kasuwa sosai, kamfanin EC na William Gaines yana kan gaba. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana ɗora musu laifin lalacewar tarbiyyar yara, kuma a watan Afrilu na shekarar wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna a New York kan batun, har Gaines ya ba da bahasi. Kafin shekarar ta ƙare, kamfanonin da kansu suka kafa hukumar tace littattafansu. Dokokinta sun hana sa kalmomin firgici a sunan littafi, sun hana gawa mai tafiya, da masu shan jini, da mutanen da ke rikiɗa su zama kyarkeci. Littafin da ba shi da hatimin hukumar, dillalai da yawa ba sa karɓarsa. EC ya daina buga labaransa na ban tsoro. Birtaniya ma ta yi tata dokar a 1955.

Abin bai mutu ba. A 1964 kamfanin Warren ya fara buga irin labaran a matsayin mujalla mai girma, baƙi da fari, wadda dokar hukumar ba ta shafa ba. An sassauta dokokin a 1971, sannan a 2011 kamfanonin da suka rage suka yi watsi da hatimin gaba ɗaya.

Ina ganin damuwar iyaye kan abin da yara ke gani damuwa ce ta gaske, kuma littafina zai fito da gargaɗin shekaru a bangonsa. Abin da nake ganin masu dokar ba su gane ba shi ne inda tsoron yake zaune. Sun lissafa dodanni sun hana, alhali sanda guda a ƙasan matakala ba ta karya ko ɗaya daga dokokinsu ba.

23 ga Maris

Na fara tawada. Buroshi don manyan wuraren baƙi, alƙalamin zane mai tsini don fuskoki da hannuwa.

Tunda labarin duka a kan inuwa ya ginu, ba ni da damar yin inuwa yadda na ga dama. Na zana taswirar kowane ɗaki daga sama, na sa ɗigo inda fitila take, na ja layi daga ɗigon zuwa kowane mutum har bango. Wanda ya fi kusa da fitila inuwarsa ta fi girma, fitilar da ke ƙasa tana miƙa inuwa sama har rufi. Inuwoyi shida suna bin wannan lissafi ba kuskure. Ta bakwai kaɗai ke saɓa masa: girmanta ba ya canzawa ko an matsar da fitila, kuma ta ɗan karkata zuwa wajen hasken maimakon ta guje shi. Karkatar kaɗan ce ƙwarai. Ina so ido ya ji akwai abin da ba daidai ba tun kafin hankali ya gano ko mene ne.

Baƙi da fari ya fi launi amfani a nan. Launi yana bayyana komai, yana gaya maka wannan labule ne, wancan kabad ne. Baƙin tawada kuwa ba ya bambancewa. Kusurwar ɗakin da na cika da baƙi tana iya zama fanko, tana iya zama da wani tsaye a ciki, kuma takardar ba za ta taɓa faɗa ba. A wasu shafukan fiye da rabin fili baƙi ne. Aikin yana cin tawada yana kuma cin wuyan hannu, amma shafi na 8 da na 9 sun fito yadda na gan su a raina.

6 ga Afrilu

Na ba wasu mutane kaɗan kwafin rabin farko su karanta a gabana, ba tare da na yi musu bayani ba. Abin da nake kallo hannunsu ne, ba fuskarsu ba.

Yayata ta karanta har shafi na 20 da sauri, sai ta tsaya. Ta koma shafi na 12, ta dawo na 16, ta sake komawa. Ta sa yatsa a ƙafafun mai gadi.

Ta ce, "Kai, wannan abin ba a nan yake ɗazu ba. Wurin yarinyar nan yake."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

"To me ya dawo da shi nan?"

"Sai ki duba abin da ya faɗa kafin nan."

Ta duba, ta yi shiru, sannan ta koma shafi na 8 ta fara bin inuwar ɗaya bayan ɗaya har ta cim ma inda ta tsaya. Ta ce ba ta son kallonta, kuma ba ta daina kallonta ba. Mai ƙididdigar ba ta gano dokar sai a shafi na 34, ita kuwa Yaya ta gano a na 20. Haka nake so. Wanda ya riga mai binciken ganewa yana shiga wani tsoro na daban, domin yanzu ya san abin da ita ba ta sani ba, yana kallonta tana zaune kusa da hatsari.

Wani daga cikin waɗanda na ba kwafin bai lura da yawon inuwar ba ko kaɗan, ya karanta shi a matsayin labarin gida mai fatalwa, ya ce ya ji daɗinsa. Wannan ma ya yi. Amma maganarsa ta sa na ƙara akwati ɗaya a shafi na 14, inda ake ganin inuwar a tsakiyar hanya, ta bar wani ba ta kai ga wani ba.

20 ga Afrilu

Rubutun magana. Da hannu nake yi, domin haruffan kwamfuta sun yi tsafta da yawa kusa da wannan tawada.

Littafin zane ba shi da sauti, kuma da farko mutum zai ɗauka rashi ne, tunda rabin tsoron fim kiɗa ne da ƙara. Amma shirun yana da amfaninsa. Shafukan da ke cike da hira suna da hayaniya a kan mai karatu, to idan ya faɗa shafin da babu harafi ko ɗaya, yana jin ɗif ɗin. Na bar shafi na 26 da na 27 babu magana: matar tana hawa matakala da fitila, akwati tara a kowane shafi, duk girmansu ɗaya, kowanne taki ɗaya. Akwatuna masu yawa kuma iri ɗaya suna rage gudun ido, su ja lokaci.

Maganganun mai laifin sun fi komai cin lokaci. An tambaye shi ko ya ga dattijon a daren, sai ya ce, "Lokacin da na bar shi, ba ya bukatar komai." Na bi layukansa duka da jan alƙalami, ina tambayar kowanne: idan aka kai wannan gaban alƙali, ƙarya ce? Biyu sun faɗi jarrabawar, na sake su.

11 ga Mayu

Gwajin bugu ya dawo. Na ɗauki shafukan da sikana a ɗigo 1200 cikin kowane inci, baƙi da fari zalla, babu toka-toka, domin layin alƙalami ya fito da kaifinsa. Tunda ɗinkin tsakiya za a yi da ƙusar waya, dole yawan shafuka ya rabu da huɗu, kuma 48 ya rabu. Na bar milimita 3 a gefuna saboda yanka.

Matsaloli biyu suka fito. Tawadar maɗaba'a tana ɗan bazuwa a takarda marar sheƙi, sai siraran fararen layukan da na bari a cikin baƙi suka toshe, har hannun da ke kan ƙarfen riƙo a shafi na 30 ya kusa ɓacewa, shi kuwa babban bakin zare ne. Zan faɗaɗa su. Ta biyu ta fi tsanani: takardar ba ta da kauri, baƙin shafi na 8 yana leƙowa ta bayan na 7. Mutum yana iya hango siffar inuwoyin kafin ya juya. Duk lissafin da na yi a Fabrairu ya dogara ne da takardar da ke rufe sirri, don haka na nemi mai nauyi, ko da littafin zai ƙara tsada.

25 ga Mayu

Tawada ta kai shafi na 40. Saura takwas, kuma a cikinsu ne tambayar da na daɗe ina ɗagewa take: inuwar wace ce?

Amsa mai sauƙi ita ce ta dattijon ce, ya dawo neman hakkinsa. Idan na faɗi haka, komai ya rufe, mai karatu ya ajiye littafi hankalinsa kwance. Na ƙi wannan. Dattijon yana da doro yana kuma dogara sanda, inuwar kuwa miƙe take sambal, tun shafi na 8 haka na zana ta. Na yanke cewa tambayoyin biyu ba za su sami rabo ɗaya ba. Wa ya yi kisa, ta yaya, don me: wannan zan biya shi cif, har abin da ya kai sandar inda aka same ta, domin bashi ne da na ci tun shafin farko. Mece ce inuwar, daga ina ta zo, tun yaushe take gidan: wannan ban yi alkawarinsa ba. A cikin tsofaffin hotunan da matar take lissafawa a shafi na 18 akwai wanda aka ɗauka kafin a haifi dattijon, mutum huɗu a tsaye gaban bango. Wanda ya koma ya ƙirga inuwoyin zai samu biyar.

Abin da ya rage: tawadar shafi na 41 zuwa 48, gyaran fararen layuka a shafuka shida, sai bangon littafi, wanda har yanzu ina tsakanin zana fitilar kaɗai ko matakalar. Gwajin bugu na biyu a sabuwar takarda zai zo cikin Yuni, kuma abin da zan fara yi idan ya iso shi ne in ɗaga shafi na 7 a gaban haske in ga ko yana nuna bayansa.